Mushe Lamda da Gawon Gidansu

Idan ka sauka a tashar Dungas ranar kasuwa ka ce wa ɗan kabu-kabu ya kai ka gidan Mas'udu, zai tsaya yana sosa ƙeya, don Mas'udu ba ɗaya ba ne a garin. Amma ka ce masa Mushe Lamda, kafin ka gyara zama ya ba babur wuta, kuma kafin ku isa ya ba ka rabin labarin, da ƙarin gishirinsa.

Mas'udu maraya ya tashi. Yana rarrafe mahaifinsa ya rasu, uwarsa ta yi wani aure a Mallawa, sai kakarsa ta wajen uba, Hinda mai ƙuli-ƙuli, ta ce ba inda za a kai mata miji. Mijin nan kuwa jaririn ne, ka san wasan kaka da jika. A ɗakinta ya girma cikin ƙamshin tunkuza da man gyaɗa, a wajenta kuma ya ɗauki tsiya. Hinda irin tsofaffin nan ce da za su kunna wuta a zaure su koma tsakar gida suna tambayar daga ina hayaƙi yake fitowa. Barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tun bai isa shiga lakwal ba, wato makarantar boko, ya shawo kan yaran unguwa cewa akwai aljani a tsohuwar rijiyar bayan gidansu, mai amsa sallama, kuma ba ya barin mutum lafiya sai an ajiye masa dabino a bakin rijiya. Da Hinda ta gano wanda ke cinye dabinon ba ta doke shi ba. Cewa ta yi a raba.

Abin da ya bambanta shi da sauran shaiɗanun yara shi ne, in ya gama cin dabinon sai ya koma ya leƙa rijiyar, yana son sanin mene ne da gaske yake mayar masa da muryarsa. Irin wannan son sanin ne ya ja shi daga lakwal ɗin Dungas zuwa Magariya, inda ya zauna gidan wani abokin marigayi babansa har ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, daga nan sai jami'a a Yamai, sashen fizik. Yana can, a shekarar 2012, labari ya zo daga Turai cewa a wani ƙaton rami da aka haƙa a ƙarƙashin ƙasa, inda ake gwara ƙananan ƙwayoyi da juna, an ga alamar wata ƙwaya da masana suka daɗe suna farauta, ƙwayar Higis. Da lokacin rubuta kundin kammala karatunsa ya yi, malaminsa ya ɗora shi a kan wata tambaya guda game da ƙwayar nan. Tambayar ta shige shi kamar ƙaya a tafin ƙafa, har yau ba ta fita ba.

Da ya zo hutu, Hinda tana murza ƙuli a faranti, ta ce, "Ango, wai me ake koya muku a Yamai da ya ramar da kai haka?"

Ya gyara zama, don abin da yake jira ke nan. Ya ce mata akwai wata aba da ta cika ko'ina, daga cikin ɗakin nan har bayan taurari, ba a ganinta, amma ita ce take ba ƙananan ƙwayoyin halitta nauyinsu. In aka girgiza ta da ƙarfi sai ta fitar da ƙwayarta, ita ce Higis. Ƙwayar nan ba ta juyi, ba ta da gabas ba ta da yamma, kuma tana kama 'yan'uwanta, wato dai tana kama kanta da kanta. Ƙarfin wannan kamun shi ake rubutawa da wani baƙi na Girkawa mai suna lamda.

"To sai aka yi yaya?"

"Aikina, Kaka, shi ne neman iyakarta. Lamda ba za ta yi girman da ta ga dama ba. In ta yi yawa lissafi haukacewa yake yi, kina ƙara ƙarfin gwarawa tana ƙara kumbura har ta fi ƙarfin ƙidaya, lissafin ya koma ce miki abu zai faru fiye da tabbas, wanda ko mahaukaci ya san ba haka ba ne. In kuma ta yi kaɗan, to ƙasan da komai ke zaune a kai ba shi ne ƙasan ƙarshe ba, akwai wani a ƙarƙashinsa."

Hinda ta jefa ƙuli a mai. "Ka taɓa ganin ƙwayar?"

"A'a."

"Malamin naka fa?"

"Shi ma a'a. Ko masu ramin sawunta kawai suke gani."

"Kuma in ka gama me za ka zama?"

"Mai koyarwa, ƙila. Mushe, kamar yadda ake kiran malaman boko."

Ta yi dariya har ta share hawaye da gefen zane. "Ni Hinda! Na yi ta suya ina kiwon rago, ashe mushe zan samu."

Burinsa shi ne ya wuce ƙasar waje ya zurfafa. Ya nemi tallafin karatu, ya jira, ya sake nema, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ba mutum ne mai riƙe baƙin ciki ba, sai ya tattara littattafansa a kwali ya hau mota ya dawo, aka ba shi aikin koyar da fizik a lise ɗin Dungas, babbar sakandaren garin. Ya auri Saliha, 'yar wani tela daga Waca, mace mai ƙarancin magana wadda ke gane zai yi tsiya tun daga yadda ya ajiye takalmi a ƙofar ɗaki.

Ɗalibansa ne suka sa masa sunan. Ko darasin madubi ne, ko na wayar lantarki, ƙarshensa sai an ɓulla ga lamda, abin da ko kusa ba ya cikin manhaja. Da suka gane lagonsa, duk ranar da ba su yi aikin gida ba sai wani ya ɗaga hannu da fuskar salihai ya ce, "Mushe, jiya ban yi barci ba, ina ta tunanin iyakar sama ɗin nan ta lamda." Shi kuwa ya cika allo da baƙaƙe har a kaɗa ƙararrawa. Suna murna sun ci bulus. Washegari ya shigo da jarrabawar ba-zata a kan aikin gidan da ba su yi ba, yana murmushi, ya ce shi ma jiya bai yi barci ba, yana ta tunaninsu.

Gidansu kuwa akwai wani tsohon miki. Hinda tana da 'ya'ya maza biyu da suka rage, Gajere babba da Manzo ƙaninsa. Da aka raba gonar gado sai wani ƙaton gawo ya faɗo daidai kan iyaka. Wanda ya san ƙasar Dungas ya san gawo ba itacen banza ba ne: hatsin gindinsa ya fi na ko'ina kyau, 'ya'yansa kuma su ne abincin awaki da rani. Gajere ya ce saiwar ta fi yawa a gefensa. Manzo ya ce inuwar hantsi a gonarsa take kwana. Daga nan magana ta mutu tsakaninsu, shekara da shekaru. Ko a jana'iza suka haɗu, wannan ya dubi gabas wancan ya dubi yamma. Dattawa sun shiga sun fita, Hinda ta yi faɗa ta yi kuka ta gaji.

Ana nan, wata bazara, ana ta sharar gonaki ana jiran ruwa, sai Muttaƙa mai gabatar da shiri a ɗan gidan rediyon garin ya zo lise a guje. Likitan dabbobin da zai yi hira da shi bayan la'asar motarsa ta lalace a hanya. Ko Mushe zai taimaka ya cike gurbin, ya yi wa manoma bayanin tsawa da walƙiya? Mas'udu ya ce ba komai. Muttaƙa bai san wa ya gayyato ba.

Tsawa dai an taɓa ta, amma ba ta daɗe ba. Kafin Muttaƙa ya ankara an bar gajimare an shiga ramin Turai. Mas'udu ya yi bayanin iyakar sama lafiya lau, sannan ya gangaro.

"Da aka auna nauyin ƙwayar aka sa a lissafi," in ji shi, "sai aka ga lamda ba a tsakiya take ba. Tana can dab da iyakar ƙasa. In lissafin nan daidai ne, zaman da sammai da ƙasa suke yi kamar zaman tulu ne a bakin gaɓa. Wani ɗan wuri zai iya ɓurmawa, ɓurmawar ta bazu da gudun haske, ba wanda zai ma ji zuwanta."

Muttaƙa, wanda ya fara gyangyaɗi, ya farka firgigit. "Innalillahi! Mushe, yaushe?"

"Yawwa, ai nan ne maganar take. Ka ga—"

Nan batirin gidan rediyon ya mutu. Ranar an wuni da hadari marar ruwa, sola ba ta sha rana ba, ga wayoyin rabin unguwa da mai gadi ya jona a jiki. Su biyun da ke ɗakin ba su lura ba. Mas'udu ya ci gaba da zuba cikin matacciyar makirfo, yana cewa lissafin da ya nuna gaɓar shi ne kuma ya nuna tulun zai iya zama a wurin tsawon zamanin da shekarun duniya gaba ɗaya ba su kai ƙiftawar ido a cikinsa ba, kuma duk wannan in babu wata sabuwar ƙwaya da ba a gano ba, wadda za ta iya sauya lissafin dukansa. Ya kammala da cewa kowa ya je ya gyara gonarsa. Bango ne kawai ya ji, sai Muttaƙa.

Da ya koma gida Saliha ta ajiye masa ruwa ta ce, "Malam, bayan ka ce nan ne maganar take, me ka ce?"

"Ba ki ji ba?"

"Ba wanda ya ji. Shuuu kawai rediyo take yi."

Ya tsaya da kofi a hannu. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Saliha ta dube shi ta ce, "Wannan dariyar taka ban yarda da ita ba."

Batirin ya ƙi tashi, aka ce sai an kawo wani daga Damagaram. Muttaƙa, mutum ɗaya da ya ji ƙarshen zancen, shi aka tura ya sayo. Labari kuwa ba ya jiran batir. Kafin gari ya waye ya kai Mallawa, inda aka ce Turawa sun auna duniya sun ga ta tsage. A Waca aka sa mata rana, Alhamis. Ya tsallaka iyaka ya dawo cikin wayoyi da muryar wani mutum da ba wanda ya sani, yana rantsuwa a gabansa aka yi.

Niyyar Mas'udu, tsakani da Allah, ita ce da safe ya tsaya a bakin kasuwa ya warware. Amma kafin ya sa hula Hinda ta aiko ya zo.

"Ango," in ji ta, "tulun nan naka yaushe zai faɗi?"

Ya gaya mata gaskiya duka.

"Na sani. Ina jin yadda ka ce yawwa na san daɗi ke bakinka, ba tashin hankali ba. To saurara. Ban ce ka yi ƙarya ba, ban haifi uban maƙaryaci ba. Amma wanda bai tambaye ka ƙarshen zance ba kada ka ba shi. Ka ara mini 'yan kwanaki."

"Me za ki yi da su, amarya?"

"Ina da awaki biyu da suka ƙi shiga garke ɗaya."

Ran nan Hinda ta fito da kwanukanta na jere, waɗanda ko ƙuda ba ta bari ya sauka a kansu, ta shiga rabawa maƙwabta tana neman gafara da murya mai rawa. Duk wanda ya ga Hinda ta ba da kwano ya san magana ta kai inda ta kai. Masallaci ya cika. Wani da ya ari garma tun zamanin da ba a tunawa ya mayar da ita, har da sabuwar ƙota. Samarin fada suka ajiye karta suka koma shan shayi da tasbaha a hannu. Hinda ta aika wa 'ya'yanta saƙo iri ɗaya: ita ta yafe wa kowa, abin da kawai take jin kunya shi ne a tashe ta a matsayin uwar masu yanke zumunci.

Gajere ne ya fara zuwa wajen Mas'udu, da azahar, ta ƙofar baya. Ya ƙi zama.

"Kai ɗan nan, tsakaninka da Allah, maganar nan akwai ta?"

"Baba, lissafin akwai shi."

"Za mu yi shuka bana?"

"Lissafi bai hana shuka ba."

"Ya ba da rana?"

"Bai ba da rana ba, Baba."

Gajere ya yi salati ya fita. Bai daɗe ba sai ga Manzo, shi kuma abin da ya dame shi daban. Yana so ya san ɓurmawar daga gabas za ta fara ko daga yamma, don gonarsa ce ta gabas.

"Ko'ina za ta iya farawa, Baba."

"Har gindin gawo?"

"Har gindin gawo."

Saliha tana bayan zana tana tankaɗe, ta ji komai. Da baƙon ya tafi ta ce, "Ba ka yi ƙarya ba, amma ita ma gaskiyar ba ta gane ka ba."

Da hantsin Laraba, ana gobe Alhamis ɗin, aka ɗora Hinda a amalanken jaki aka kai ta gona. Ta tarar da 'ya'yanta a gindin gawo, kowa yana duban ƙafarsa. Gajere ya yi gyaran murya ya ce shi babba ne, ya bar wa ƙaninsa itacen. Manzo ya ce Allah ya kiyaye, ya je lahira da gawon yayansa a wuya? Na Yaya ne. Gajere ya ce ai ya riga ya bayar. Manzo ya ce bai karɓa ba. Murya ta fara tashi, har Gajere ya soma naɗe hannun riga, saura kaɗan a dambace a kan wanda zai rabu da gawon. Hinda ta buga sandarta a jikin amalanke ta ce itacen nata ne, ta ba awakin gidajen biyu, hatsin gindinsa kuma a zuba a rumbunta. Suka rungumi juna suna kuka kamar yara. Mas'udu yana riƙe da linzamin jaki, ya juya baya yana ta tari.

Da la'asar ɗin ranar Liman Abdulwahabu ya aiko kiransa. Shi ne ya koya masa alif da ba, ya kuma san shi tun zamanin dabino. Mas'udu ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Mas'udu, an ce ka san ranar tashin Alƙiyama."

"Allah gafarta Malam, wane ni. Wannan sanin na Allah ne shi kaɗai. Batir ne ya mutu."

Ya kwashe komai ya faɗa, har da abin da bango ya ji. Sunan kakarsa kawai ya ɓoye. Liman ya saurara yana shafa gemu.

"Kwanukan Hinda ma batir ne?" Bai jira amsa ba. "Ba zan ɓoye maka ba, tun da nake limanci ban taɓa ganin sahun asuba ya fito har waje ba sai makon nan. Na ji daɗi. Amma wanda tsoron rediyo ya kawo, rediyo za ta mayar da shi. Kuma ka san Faruku mai amalanke?"

"Na san shi."

"Irin shukarsa ya kai aka daka. Ya ce gara yaransa su sha fura su ƙoshi kafin Alhamis. Ga ruwa yana hanya."

Dariyar da ke cikin Mas'udu tun ranar rediyo ta tsaya cak. Ya san gidan Faruku, ya san yawan bakin da ke ciki. Shi yana can yana auna kalmomi don kada a ce ya yi ƙarya, ashe wani yana auna hatsi. Ya sunkuyar da kai.

Liman ya ce ran Juma'a shi zai yi huɗuba a kan cewa ba mai sanin Sa'a sai Allah. In an sallame, Mas'udu zai miƙe ya ƙarasa zancen da ya fara. "Da Hausar kasuwa. A taƙaice. In na ji ka ambaci lamda, ni da kaina zan zare maka makirfo."

Daga gidan Liman bai zarce ko'ina ba sai rumbunsa. Saliha ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta ɗauko tiya ta auna daga irin da ta keɓe, zaɓaɓɓe, ta ɗaure bakin buhu, ta ɗora masa a ka. Ya ratsa gari da shi a ƙafa, Mushe guda da buhu a ka, ya sauke a ƙofar Faruku ya nemi gafara. Faruku ya dubi buhun ya dube shi ya ce, "Wato duniyar ba ta tashi?" Ya ce ba shi da labarin haka. Faruku ya ce, "To furar dai mun sha, kuma ta yi daɗi."

Alhamis ta zo ta wuce, ba abin da ya faɗi sai wata tsohuwar katanga a Waca. Ran Juma'a Mas'udu ya miƙe gaban jama'a. Bai taɓa yin bayani gajere ba a rayuwarsa. Ya ce abin da ya faɗa a rediyo lissafin masana ne, ba wahayi ba. Lissafin da kansa ya ce ko da gaɓar tana nan, nisan lokacin ya wuce duk abin da hankali zai ɗauka, kuma masu lissafin ba su gama auna abin da suke lissafawa ba. Ya ce ya ji ana ruɗewa ya yi shiru, wannan laifinsa ne, a yafe masa. Kowa ya je ya gyara gonarsa.

Can daga sahun baya wani ya ce, "Shi ke nan?" Kamar wanda aka hana kallon dambe. Kafin magariba mai garma ya koma ya sake aro.

Baffanninsa kuwa tare suka zo, a amalanke ɗaya, kowa da sanda. Mas'udu ya hango ƙurarsu ya faɗa ɗakin Hinda ya shige bayan gado. Yana jin ta a tsakar gida tana tafa hannu.

"Ku bar ni da ɗan banzan yaron nan! Ni ma ruɗa ni ya yi, har kwanukana na rabar. Duba ɗakina, kamar an yi gobara!"

Da suka tafi ta leƙo ta ce, "Fito, ango. Gobe ka bi gida-gida ka karɓo mini kayana. Akwai mai murfi a gidan Kellu, kada ta ce maka ya ɓata."

Haka ya yi kwanaki yana sallama a ƙofofin mutane yana roƙon kwano, matan gari suna yi masa dariya ta bayan zana. Gajere da Manzo ba su sake ɓatawa ba, don sun sami abin da ya haɗa su. Duk ranar kasuwa za ka gan su a rumfa ɗaya suna cin goro ɗaya suna zagin ɗan ƙaninsu da boko ya lalata. In ya zo wucewa ya durƙusa ya gaishe su, su amsa a daƙile, sannan Manzo ya tura masa ɓarin goro ba tare da ya dube shi ba.

Muttaƙa ya dawo da batir ya tarar an gama komai ba shi, abin da har yau yake jin haushi. Ya rantse ba zai sake gayyatar malamin fizik ba, amma masu sauraro suka dame shi, dole ya ba Mushe ɗan fili ran Asabar. Sharaɗin shi ne ya fara da ƙarshen zance tukuna.

Mas'udu yana nan a Dungas. Furfura ta fara fito masa a gemu. Da damina yana noma gonar babansa, da rani yana cika allo. Bai taɓa ganin ramin Turai ba sai a hoto, kuma ya daina cewa zai je. In rezon waya ya yi kyau yakan zauna a inuwar itacen bedi a farfajiyar lise yana karanta sababbin takardun masana a waya, don har yanzu ba a auna lamda kai tsaye yadda ya kamata ba. Sai an ga ƙwayar Higis biyu sun fito tare, abin da ba kasafai yake faruwa ba, kuma aikin na shekaru ne masu yawa. Yakan ce shi ba ya sauri, wanda ya yi jiran tallafin karatu ya iya jira.

Hinda ta tsufa tukuf kafin ta kwanta ciwon ajali. Wani hantsi yana zaune a bakin gadonta yana yi mata fifita, 'ya'yanta biyu suna zaure, ta buɗe ido ta dube shi.

"Ango, abar nan taku mai kama kanta, an auna ta?"

"Ba a gama ba, Kaka. Sai nan gaba."

"Kai dai har kullum sai nan gaba." Ta lumshe ido har ya zaci barci ya ɗauke ta. Sai ya ga gefen bakinta ya motsa. "To ni na kusa zuwa inda ake sanin komai. In na riga ka ji, kada ka sa ran zan aiko maka."

Ya yi dariya, hawaye na zuba a kan mafici. Ta ce ya daina jiƙa mata shimfiɗa, ya je ya ce wa Saliha miyar jiya gishiri ya yi mata kaɗan.